Karɓa-karɓa

Bayan Dakace, inda Galma ke janye jiki da bazara
ta bar yashi a shimfiɗe kamar zanen shanya,
nan nake ban-ruwan albasa,
nan kuma wasu ƙeƙuwa biyu suka sauka
ba sallama, ba kuɗin aro.

Ba su gina komai ba.
Ɗan gurbi suka murza da ƙirji,
bai fi tafin hannuna ba,
suka kewaye shi da tsakuwa da busasshen kashin shanu.
Ƙwai huɗu, masu ɗige-ɗige, launin ƙasa.
Saura ƙiris in taka su ranar Laraba
ina jan tiyo.

Balbela kan zo garke guda, su ci, su watse.
Zalɓe kan tsaya shi kaɗai a ƙafa ɗaya
kamar mai jiran a biya shi bashi.
Amma waɗannan biyun, aiki ne ya ɗaure su.

Idan rana ta take,
yashi ya yi zafin da takalmin roba ke laushi,
sai in ga ɗaya ya shiga ruwa har gwiwa,
ya tsoma gashin cikinsa,
ya taho yana ɗiga.
Ta kan ƙwan ta miƙe,
ta jefa tsinke ɗaya bayanta, ta wuce.
Shi kuma ya durƙusa da sanyin da ya ɗebo.
Ko kallon juna ba sa yi sosai.
Ƙara ɗaya, gajera, shi ke nan.

Na san wannan ƙarar.

Hansai tana aikin dare a asibitin Shika,
ɗakin jarirai.
Tana sauka daga mota ina ɗaure injin a bayan babur.
A bakin zaure muke haɗuwa,
ita da warin magani, ni da na fetur.
"Auta ya yi tari?"
"Sau biyu."
"Ka ci wani abu?"
"Na sha koko."
Ta karɓi makulli, in karɓi hanya.
Shekara tara ke nan.

A teburin mai shayi Ɗanliti ya ce da ni,
"Kai, wannan aure ne ko gadin kasuwa?"
Aka yi dariya, ni ma na yi.
Amma maganar ta bi ni har fadama,
ta zauna a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.

Ran nan shanun Jauro Bakari suka gangaro shan ruwa.
Macen ba ta tashi ba.
Ta buɗe fukafukai a gaban bijimi,
ita da ba ta kai kofatonsa nauyi ba,
namijin kuma ya faɗo daga sama yana ihu
yana kai wa ƙaho bugu.
Bijimin ya karkata.
Na bayansa bai gani ba.
Ƙwai ɗaya ya tafi.

Na zata za su watse.
Ta ɗauki ɓawon a baki, ta kai shi nesa ta yar,
don kada shirwa ta gane wurin.
Ya tafi ruwa.
Ya dawo yana ɗiga.

Yau 'ya'ya uku ke gudu tsakanin kunyoyina,
kamar auduga da aka yi wa ƙafa.
Ɗaya na kiwo da su, ɗaya na tsaye a kan tudu
yana duba sama.
Wane ne wane, har yanzu ban iya bambancewa ba.

Gobe zan riga asuba tashi.
Zan cika randa,
in yayyafa ruwa a daɓen ɗakinta,
in sauke labule ta gefen gabas.
Idan ta shigo ba za ta same ni ba.
Za ta tarar da sanyi.